"Ba Shiga" Ba Kwaɗo Ba Ne: Tambayar Da Ake Mantawa Kafin A Sa Hannu Kan Kwangilar Manhaja

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Jekadafari ko Herwagana ko Bolari a cikin garin Gombe ya san rubutun nan da ake yi da fenti ko gawayi a goshin ƙofar gida: "Ba Shiga". Sau da yawa ƙofar a buɗe take, abin da ya raba zaure da tsakar gida bai wuce labule ko asabari ba. Babu kwaɗo, babu mai gadi. Duk da haka baligi mai mutunci ba ya kutsa kai, sai ya tsaya ya yi sallama ko ya aika yaro. Rubutun ba shi da ikon riƙe ƙafar kowa. Aikinsa shi ne ya sanar da baƙo inda hurumin sa ya ƙare, ya kuma shaida masa cewa in ya ƙetara, abin da duk ya tarar a ciki shi ya jawo wa kansa.

Akwai irin wannan rubutu a cikin kowace manhajar waya da gwamnati ke saye da kuɗin jama'a, kuma ana ƙetare shi fiye da yadda masu sa hannu kan fayil suke zato. Ana ɗaukar maganar tamkar ta masu rubuta manhaja ce su kaɗai. Ni a ganina ta darakta ce, ta jami'in sayen kayayyaki ce, ta mataimakin da ke shirya wa minista ko babban sakatare takardar amincewa ce, domin sa hannunsu ne ke mayar da kuskuren mutum ɗaya ya zama wahalar dubbai.

A watannin baya na je gida, sai wani ɗan ƙanena da ya karanta kimiyyar kwamfuta ya zo gaishe ni, kwamfutarsa a hammata, idanunsa jajur saboda rashin barci. Wani ɗan kwangila ne ya ba shi aikin gyara. Manhajar waya ce da ma'aikatan wata hukuma ke amfani da ita wajen nuna cewa sun isa bakin aiki a ƙauyuka, daga ɓangaren Dukku har Balanga, kuma da ita ake lissafa alawus ɗinsu. Ta daɗe tana aiki lafiya lau. Kwatsam sai na'ura ta fara zargin ma'aikata da maguɗi, wai mutum fiye da goma da waya ɗaya suka riƙa sa hannu, kowa a ƙauyensa daban, a lokaci guda. Aka tsayar da alawus, aka aika wa wasu takardar neman ba'asi. Na tambaye shi, "To, maguɗin suka yi?" Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Baffa, laifinsu ɗaya ne. Sun sayi sabuwar waya."

Ga yadda abin ya faru. Wanda ya fara rubuta manhajar yana so ya ɗaure kowane ma'aikaci da wayarsa, don kada wani ya riƙa sa wa wani hannu. Niyya ce mai kyau. Ya zaɓi ya yi amfani da lambar da masana'anta ke bai wa kowace waya. Da ya ga ƙofar samun lambar tana ƙara ƙuntata a Android, sai ya rubuta wani ɗan guntu da harshen C++ wanda ke zagayawa ya kira wani aikin cikin gida na Android da ba a tanadar wa manhajojin waje ba. A tsofaffin wayoyin da akasarin ma'aikatan ke riƙe da su, dabarar ta ci. A sababbin wayoyi kuwa kiran yakan dawo hannu rabbana, sai manhajar ta cike gurbin da wata kalma guda mai ma'anar "ba a sani ba". Babbar kwamfutar hukumar ta ɗauki wannan kalma a matsayin lambar waya. Kowa ya sayi sabuwar waya sai ya faɗa cikin lamba ɗaya da sauran, sai ya zama mai maguɗi a idon na'ura.

Don a fahimci yadda hakan ke yiwuwa, sai an ɗan leƙa cikin sana'ar. Kowace manhaja tarin ƙananan ayyuka ce, kowane aiki da sunansa: wannan ya karanta agogo, wancan ya buɗe kyamara, ɗayan ya aika saƙo. A harsunan Java da Kotlin, waɗanda da su ake rubuta yawancin manhajojin Android, mai rubutu yakan yi wa kowane aiki alama. Wanda ya sa wa kalmar "public" aikin zaure ne, kowa na iya kiransa, kuma an yi alkawarin ba za a sauya shi ba sai da sanarwa. Wanda ya sa wa kalmar "private" aikin cikin gida ne, mai gidan na iya sauya masa suna, ko ya rushe shi gobe da safe, ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Ma'aikacin gwamnati zai gane bambancin in ya tuna da rajista ta fili da rajista ta sirri a ma'aikatarsa. Dukansu fayil ne ke ciki, amma ba kowa aka ce ya shiga ɗaya daga cikinsu ba.

Muddin da Java kake magana da Java, akwai mai tsaron ƙofa. In ka yi ƙoƙarin kiran aikin cikin gida na wani, tun kafin manhajar ta haɗu za a ƙi. Sai dai manhajar waya ta yau ba da harshe ɗaya take magana ba. Fuskar da mai waya ke gani sau da yawa da Dart ake rubuta ta a tsarin Flutter, ko da JavaScript a tsarin React Native. Ƙarƙashinta akwai Kotlin ko Java a Android, akwai Swift ko Objective-C a iPhone. Can ƙasa kuma akwai C da C++, inda ake yin aiki mai nauyi irin su tantance zanen yatsa da sarrafa hoto. Dole waɗannan harsuna su riƙa miƙa wa juna saƙo, saboda haka aka gina musu gadoji. Gadar da ke tsakanin Java da C ita ce JNI, wadda ke nan tun 1997. A kan wannan gada babu mai tsaron ƙofa. Abu uku take buƙata daga mai kira: sunan gidan, sunan aikin, da siffar abin da aikin ke karɓa da abin da yake mayarwa. In ka kawo su daidai za ta kira maka shi, ba ta tambayar ko an rubuta masa "private". Ko a cikin Java ɗin ma akwai wata hanya da manhaja ke duba kanta kamar mai kallon madubi, ta nemo aiki da sunansa, ta cire masa alamar da layi ɗaya. A iPhone abin ya fi haka sauƙi, domin a Objective-C kiran aiki aika saƙo ne da suna kawai, wanda duk ya san sunan zai iya aikawa. Har Kotlin, da Google ta fifita tun 2019, tana da wata alama ta "na cikinmu ne kaɗai" wadda in ka zo ta ɓangaren Java za ka tarar aikin a buɗe yake, suna kawai aka ɗan jirkita masa.

Ba kowane irin wannan kira ne laifi ba. Mai manhaja na iya sa ɓangarensa na C++ ya kira aikin cikin gida da shi kansa ya rubuta da Java, kuma ana yin haka kullum. Gidansa ne. Amma ko a nan akwai rami. Kafin a fitar da manhajar Android ga jama'a akan bi ta da wani kayan aiki mai suna R8, wanda ke share duk aikin da ya ga ba wanda ke kira, ya kuma gajarta sunayen sauran. R8 ba ya ganin kiran da ya zo daga C++. In ba a faɗa masa ya bar wannan aikin ba, sai ya share shi ko ya sauya masa suna. Sakamakon shi ne manhaja ta yi aiki sumul a teburin wanda ya rubuta ta, ta yi aiki ranar da aka nuna wa shugabanni a ɗakin taro, sannan ta riƙa mutuwa a hannun ma'aikacin da ya sauke ta a Nafaɗa. Wanda ya taɓa halartar bikin ƙaddamar da manhaja, ya kuma ji koke-koken da suka biyo baya cikin mako guda, yana da dalilin yin tsaki a nan.

Babbar matsalar ita ce haura katangar wani, wato kiran aikin cikin gida na Android ko na iPhone ko na kamfanin da ya ƙera na'urar karanta yatsa. Masu waɗannan gidaje sun daɗe da gajiya. A Android 9, da ya fito a watan Agustan 2018, Google ta fara hana manhajoji kiran ayyukan da ba ta buɗe wa jama'a ba, kuma ta fayyace cewa hanin ya haɗa da wanda ya biyo ta madubi da wanda ya biyo ta gadar JNI. Ta jera ayyukan aji-aji, wasu an toshe su nan take, wasu an yi musu lamuni na ɗan lokaci. A Android 10, cikin 2019, aka janye wa manhajojin gama-gari damar karanta lambar IMEI da lambar masana'anta. Masu dabara suka gano wata ɓarauniyar hanya, aka toshe ta a Android 11, suka sake gano wata. Bugu da ƙari, tun 2018 kasuwar Google Play ke tilasta wa kowace manhajar da ke son sabuntawa ta bi ƙa'idojin sabon Android, kuma duk shekara ana ɗaga ma'aunin. Ma'anar wannan ga hukumar gwamnati a fili take. Manhajar da aka gina a kan ɓarauniyar hanya tana da ranar mutuwa, kuma ba a Abuja ake yanke ranar ba.

Apple ta fi tsanani. Ƙa'idarta mai lamba 2.5.1 ta ce manhajar da za ta shiga App Store da ayyukan fili kaɗai za ta yi amfani. A watan Oktoban 2015 wani kamfanin bincike mai suna SourceDNA ya gano manhajoji 256 da ke ɗauke da wani guntun talla na kamfanin Youmi na ƙasar Sin, wanda ke kiran ayyukan cikin gida na iPhone yana tattara adireshin imel na masu waya da lambobin na'urorinsu da jerin manhajojin da suka sauke. Youmi ya riƙa ɓoye sunayen ayyukan, ba sa haɗuwa sai manhajar ta fara gudana, don kada masu tantancewa su gani. Apple ta kori manhajojin baki ɗaya. Abin lura shi ne yawancin masu manhajojin ba su ma san abin da ke cikin kayansu ba, guntun kawai suka ɗauko suka liƙa. Sai kuma batun Uber, wanda jaridar New York Times ta fallasa a watan Afrilun 2017. Kamfanin ya riƙa yi wa wayoyin iPhone shaida ta yadda zai gane su ko da an goge komai, ya kuma tsara manhajarsa ta ɓoye wannan hali idan an buɗe ta a kewayen hedikwatar Apple da ke Cupertino. A farkon 2015 Tim Cook ya kira shugaban Uber na lokacin, Travis Kalanick, ya ce ko su daina ko a cire su daga kasuwar. Suka daina. Hujjar Uber ita ce yaƙi da direbobi masu maguɗi, hujja iri ɗaya da ta mai rubuta manhajar ma'aikatan nan na Gombe. Uber tana da girman da za a kira shugabanta a yi masa kashedi. Manhajar wata hukuma a Najeriya saƙon imel kawai za a aiko, ƙila ma zuwa adireshin ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗinsa tun bara ya kama gabansa.

Na san abin da masu sana'ar za su ce, kuma ba duka ne son zuciya ba. Za su ce wani lokaci babu ƙofar zaure sam. Mai na'urar karanta yatsa ya sayar da kaya ya daina gyara manhajarta. Shugabanni suna son abu cikin mako uku saboda an riga an sa ranar ƙaddamarwa. Za su ƙara da cewa Google da Apple suna amfani da ayyukan cikin gidan nan don fifita nasu manhajojin a kan na wasu. Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Shekaru Apple ta riƙe fasahar biyan kuɗi ta taɓa waya a jikin na'ura ta hana kowa sai Apple Pay, har sai da Hukumar Tarayyar Turai ta matsa mata, ta amince da buɗewa a watan Yulin 2024. Amma a duba yadda ƙofar ta buɗe: hukuma ce ta tsaya da doka a hannu. In akwai abin da manhajojin gwamnatin Najeriya ke buƙata daga Android ko iPhone wanda aka rufe, ga NITDA, ga NCC, ga Ma'aikatar Sadarwa da Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Zamani. Su ne ya kamata su nema da sunan ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Bai dace a bar wa wani matashi da ke aiki da hasken janareto ya warware ta a ɓoye, a kuma ɗora albashin mutane a kan dabararsa ba.

Ga ɗaya fuskar maganar, wadda ta fi tayar mini da hankali. Tunda "private" rubutu ne kawai, to kamar yadda ɗan kwangilarmu ke haura katangar Android, haka wani zai haura tamu. Manhajar da ke cikin wayar mutum a hannunsa take. Akwai kayan aiki na kyauta, irin su jadx da ke warware manhajar Android a karanta cikinta, da Frida da ke ba mutum damar kiran duk aikin da ya ga dama yayin da manhajar ke gudana. Idan ɗan kwangila ya ce muku mabuɗin shiga rumbun bayanan hukuma yana cikin manhajar amma "an ɓoye shi a aikin sirri", ya faɗa muku cewa ya ajiye kuɗi a tsakar gida ya rubuta "Ba Shiga" a ƙofa. Duk hukuncin da ya shafi kuɗi ko haƙƙi, wato wane ne ya cancanci biya, wane ne ya zo aiki, wace takarda ce ta gaskiya, a babbar kwamfutar hukuma ya kamata a yanke shi. Waya shaida kawai za ta kawo, ita ma a tantance ta.

Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhakin a kan wanda ya yanke shawarar tattara bayanan, wato hukumar da ta ba da aikin. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Lambar da ke nuna wayar wani takamaiman mutum bayanin wannan mutum ce. In manhajarku na ɗebo ta ta hanyar da mai wayar bai sani ba, kuma mai tsarin wayar ya hana, cewa "ɗan kwangila ne ya yi" ba zai wanke kowa a gaban Hukumar Kare Bayanai ba. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

Abin da nake roƙon masu riƙe da fayil bai buƙatar su koyi C++. Dokar sayen kayayyakin gwamnati ta 2007 ta riga ta ba hukuma damar gindaya sharuɗɗan aiki, kuma ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu suna bi ta NITDA don neman sahalewa. A sa sharaɗi a rubuce cewa manhajar ba za ta kira wani aikin cikin gida na Android ko iPhone ko na wani kamfani ba, in kuwa tilas ta sa, a jera kowane ɗaya da dalilinsa da abin da zai faru ranar da aka toshe shi. Google da kanta ta fitar da wani kayan aiki mai suna veridex da ke duba manhaja ya lissafo irin waɗannan kiraye-kiraye. A ce rahotonsa ya shiga fayil kafin a biya kason ƙarshe. Ba ya kama komai, musamman abin da aka ɓoye cikin C++, don haka a karɓi ainihin rubutun manhajar a ajiye a hannun hukuma, a ba wani daban ya karanta. A gwada ainihin wadda jama'a za su sauke, a kan tsohuwar Itel da sabuwar Tecno da Samsung ɗin da ya fito bana, kada a tsaya ga wayar mai gabatarwa. A kuma ware kuɗin kulawa na shekara-shekara tun a kasafin farko, tunda Android da iPhone duk shekara suke sabuntawa ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Masu karanta rubutun ba su da wuyar samu. A Gombe kaɗai akwai Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere suna yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara, ga waɗanda suka shiga shirin 3MTT da aka fara a ƙarshen 2023. Jihar da ta ba ƙasa Isa Ali Pantami, wanda ya shugabanci NITDA daga 2016 ya kuma riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023, ba ta rasa matasan da suka san wannan aiki. Yawancinsu dai sai abu ya lalace ake tunawa da su, a ba su ɗan abin da bai kai kuɗin lemon bikin ƙaddamarwa ba.

Ɗan ƙanen nawa kwana uku ya yi a kan gyaran. Ya cire guntun C++ ɗin gaba ɗaya. A madadinsa ya sa kowace waya ta ƙirƙiri mabuɗinta ranar rajista ta ajiye a ma'ajiyar mabuɗai da Android ya buɗe wa kowa, babbar kwamfuta kuma ta riƙa tantance sa hannun wannan mabuɗi. Wanda ya sauya waya sai ya je ofis a sake yi masa rajista. Aka kira ma'aikatan suka zo ɗaya bayan ɗaya, wasu a kan babur daga nesa da kuɗin aljihunsu. Har na baro Gombe ba a biya alawus ɗin watannin da aka tsayar ba, ana jiran amincewa daga sama. Takardun neman ba'asin kuma suna nan cikin fayilolin ma'aikatan, ba wanda ya rubuta a cire su.